Njuwa a Tafin Hannu

Legas, farkon damina

Gogona,

Assalamu alaikum. Jam na? Ya gwiwar nan taki, ta fara barin ki ki hau keke-napep da kanki, ko har yanzu sai an tallafa miki? Ya Damilu, ya Anti Hilda maƙwabciyarki? Ni lafiyata ƙalau. Ruwa yana ta sauka a nan, amma ƙasar garin nan ba ta ƙamshi idan ta jiƙe, kullum sai na leƙa taga in shaƙa in dawo haka nan.

Na bi dokarki, kin gani. Da biro na rubuta a takarda, zan ɗauki hotonta in turo ta waya, tunda kin ce saƙon murya aikin malalata ne. Kin bar aji da daɗewa, amma ajin bai bar ki ba.

Gogo, na gama wani abu, kuma tsoronsa nake ji. Na san kina ce wa mutane gyaran kwamfuta nake yi a Legas. To ba gyara ba ne, wasan waya muke ƙerawa, irin naki na jera 'ya'yan itace da ke sa miyarki ta ƙone. Sai dai nawa yana da labari. Tafkin Njuwa na saka a ciki. Kin tuna bayan rasuwar Dada mahaifiyata, da damina, lokacin da muke zama a gidan gona can ƙetaren ruwa? Baba ne yake tsallako da ni a kwale-kwale kowace safiya, in hau a-kori-kurar da ke kai yara makarantarku a cikin Yola. Wasan ke nan gaba ɗaya. Mai wasa shi ne uban. Ya danna dama, ya danna hagu, filafili yana shiga ruwa yana fita, yarinya tana zaune a gaba rungume da jakarta. Na zana tururin da ke kwanciya a kan ruwa da sassafe, na zana bado, na zana balbelu suna tashi. Wani lokaci ina cikin aikin sai in ji kamar rigata ta jiƙe da raɓa.

A tsakiyar ruwa wasan yakan tsaya, uban ya yi magana. Ya kira yarinyar da sunanta. Ya gaya mata ranar da aka haife ta bai iya cin abinci ba don murna. Ya ce duk inda ta je a duniya, zuciyarsa tana biye da ita. Maganar tana da tsawo, ni kaina na sani.

Ke ma kin san ba a taɓa yin haka ba. Ni 'yar fari ce, na san al'adarmu ba sai an karanta mini ba: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa. Na yarda a gaban mutane. Amma Gogo, a tsakiyar Njuwa wa yake kallonmu? Balbela? Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Daga "ke" sai "addar Hayatu", wato yayar ƙanena Hayatu. Idan na kira shi a waya, "Jam na?" ne da "Jam", sai ya miƙa wa Hayatu, in ji su suna dariya su biyu. Shi ya sa salla take zuwa tana wucewa ban zo ba. Ba na son in yi doguwar tafiyar nan in zauna a gaban mutumin da ban sani ba ko ya ma lura na tafi.

Yanzu ga damuwar. Ishmael, shugaban aikinmu, shi ma ɗan Jimeta ne, da shi kaɗai nake Hausa a ofis. Ya ce duk waɗanda muka ba su gwada, da uban ya buɗe baki sai su danna tsallake. Ya ce mutum tuƙi ya zo yi ba sauraron wa'azi ba, a cire maganar. To idan aka cire, me ya rage? Shirun nan ne dai da na baro a gida.

Na turo miki wasan, Hayatu zai saka miki. Ki gwada ki gaya mini gaskiya. Kuma idan Baba ya shigo Jimeta, ki nuna masa. Ina so ya ji abin da na so ya ce.

'Yarki,
Nahla

*

Damilu, Jimeta

Nahla, ɓingel am,

Wa alaikis salam, 'yata. Jam ƙalau. Gwiwa tana nan da halinta, idan hadari ya taso ita ce take fara sanar da ni. Hilda tana gaishe ki, ta ce har yanzu tana jiran hoton da kika yi mata alkawari. Hayatu ya ƙara ƙiba, auren da za a yi masa ne yake sa shi cin abinci.

Wasiƙarki ta zo da sauri, abin mamaki daga sarauniyar latti. Kin manta? Duk damina ke ce ta ƙarshe a ƙofar ajina, jaka a jiƙe, hannu a jiƙe, in sa ki tsintar takardu a fili kina kumbura baki. Ban taɓa ɗaga miki ƙafa don ke 'yar yayana ce ba, yanzu ma ba zan ɗaga ba.

Kai, Nahla! Ruwan nan da kika zana! Ni da Hilda muka zauna a baranda, muka haɗa kai a kan waya kamar yara. Da tururin ya buɗe balbelu suka tashi, Hilda ta ce "Yesu na!" ni na ce "Allahu akbar!" a tare. Ni da ban taɓa yarda na shiga kwale-kwale ba saboda tsoron ruwa, ga ni ina tuƙi a Njuwa da manyan yatsuna biyu. Dama, hagu, dama, hagu. Har kafaɗata ta fara bin abin.

To ina cikin daɗina sai aka ƙwace mini filafili. Wasan ya ƙame, mutumin ya juyo ya fara jawabi. Na jira. Na danna, shiru. Na sha ruwa na dawo yana nan yana yi. Gaskiya kika ce in faɗa: na danna tsallake. Na biyu ma na danna. Kamar kana cin tuwo da zafinsa ne a janye kwanon a ce ka tsaya ka ji tarihin masara. Wannan Ishmael naki ban san shi ba, amma ki ce ina gaishe shi.

Yayana Hamma Bakari, babanki, ya zo ranar Juma'a ya kawo mini mangwaro. Na yi abin da kika ce. Hilda tana nan, na dafa masa shayi, na ɗora masa wayar a hannu. Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallon ruwan. Da aka zo inda mutumin ya kira sunan yarinyar, sai ya ajiye wayar a tabarma, ya miƙe, ya sa takalmi ya fita. Shayin ma bai sha ba.

Ga hadari nan ya haɗo, kayana suna kan igiya. Zan ƙara rubuto miki, akwai sauran magana.

Gogonki

*

Legas

Gogo,

Na gode. Ina fata kin kwashe kayan kafin ruwa ya sauko. Ni ina lafiya.

Ba sai kin ƙara rubuto komai ba, na samu amsata. Wata da watanni ina zana wa mutum fuskarsa, ina gyara yadda hularsa take zama, na sa masa a baki abin da ko maƙwabci zai iya faɗa wa 'yar maƙwabcinsa, shi kuma ko ya zauna ya ji ƙarshen jimla bai iya ba. Ke kin tsallake, shi ya fita. Na ji zafi, Gogo, ba zan ɓoye ba. Na shiga banɗakin ofis na yi kuka har wata ta ƙwanƙwasa tana tambaya ko lafiya.

Na ce wa Ishmael ya yi yadda ya ga dama da wasan. Ya cire maganar, ya zuba dorina, ya zuba kada, ya mai da shi tsere, ni na cire hannuna. Kada ku sa rai da ni a Babbar Salla. Bikin Hayatu ma zan aiko da saƙo.

Nahla

*

Damilu, bayan salla

Nahla,

Salla ta zo ta wuce. Na aika miki gaisuwa, na sake aikawa, ina ganin alamar kin buɗe, ba amsa. To lafiyarmu ƙalau, tunda ba ki tambaya ba. Gwiwa ta kumbura ta saɓe. An ɗaga bikin Hayatu zuwa bayan girbi. Naman da na ajiye miki na soya ya gaji da jira, Hilda ta taya ni cinyewa.

Ke dai akwai saurin fushi, kamar man gyaɗa a kasko. Na ce miki akwai sauran magana, hadari ne ya katse ni, kika ɗauki rabin zance kika gina gida a kai. Yanzu ki buɗe kunne.

Kin ɗauki dattijo mai furfura, kin zana shi har da tabon da ke gefen girarsa, yadda ko makaho zai ce Bakari ne. Sannan kika sa shi ya buɗe baki ya kira sunan 'yar farinsa, ya ce bai ci abinci ba don murna, a gaban ƙanwarsa da maƙwabciyarta! Haba Nahla. Ai da kin cire masa riga a kasuwar Jimeta da ya fi sauƙi. Abin da ban samu na rubuta miki ba shi ne: takalmansa a baibai ya sa su, na dama a hagu, haka ya taka har bakin titi. Ni da shi tare muka tashi. Na sha ganin Hamma yana raina abu, yakan yi murmushi ne ya shanye shayinsa tas. Wanda ya raina abu ba ya manta ƙafarsa ta dama.

Ba kare al'adar nake yi ba. Shi ma ɗan fari ne. Babanmu har ya koma ga Allah "kai" yake ce masa, ni kuwa yana ɗora ni a cinya yana kirana da sunaye har uku. Na ga yadda Hamma yake tsayawa a bakin zaure yana kallonmu. Da ni ce da na ce ba zan yi wa nawa haka ba. Shi bai iya ba, harshensa a haka aka ɗaure shi. Ina jin haushin abin, kuma ina jin tausayinsa, duka biyun.

Amma bari in yi miki magana a matsayin mai wasa, tunda a nan kam na fi ki daɗewa. Ba don maganar ta yi tsawo kaɗai na tsallake ba. Ban yarda da mutumin ba ne. Muddin yatsuna suna tuƙi, ni ce shi, ina jin nauyin yarinyar a gaban jirgi, ina tsoron kada in karkace da ita. Da ya fara jawabi sai ya zama wani baƙo daga talabijin, ni kuma na koma tsohuwa mai riƙe da waya. Labarin yana hannuna kika ƙwace, kika ce ga labari.

Ni ban san abin da ke cikin ran yayana ba, ba zan yi miki ƙarya in ce ya faɗa mini ba. Ban taɓa shiga jirgin nan ba. Ke kika shiga, damina bayan damina. Ina ganin duk tsawon lokacin bakinsa kika zuba wa ido kina jira ya buɗe. To hannunsa fa? Me yake yi?

Ki ba ni amsa ko don gwiwata.

Gogonki, mai fushi da ke kaɗan

*

Legas, tsakiyar damina

Gogona,

Ki yafe mini. Ya gwiwar? Ki riƙa ɗora ta a matashi, ki daina biye wa Anti Hilda zuwa kasuwa da ƙafa. Ni lafiya lau, na ɗan rame amma aiki ne.

Tambayarki ta hana ni sakat. Da farko na ce me hannunsa yake yi kuwa, ban da tuƙi? Sai rannan ina cikin bas a kan doguwar gadar nan, cunkoso ya tsayar da mu, ruwa a dama ruwa a hagu. Na jingina kai da gilashi na lumshe ido. Gogo, sai ga ni a jirgin.

Ina gaba, na ba Baba baya rabi. Ruwan yana da ɗumi da safe, ya fi iska ɗumi. Ina son in saka hannu a ciki in ga yadda yake rabewa a tsakanin yatsuna. To abin da na tuna shi ne ƙara. Filafilinsa yana da ƙara, cwal, cwal, a jere. Duk lokacin da na saka hannu a ruwa, ƙarar tana ɗaukewa. Jirgin ya tafi da kansa a hankali, sai kukan tsuntsaye da ɗigar ruwa daga bakin filafili. Idan na ɗago hannu, ƙarar ta dawo.

Na tuna kuma ba ma bin hanya miƙaƙƙiya. Gaɓar da mota take tsayawa tana can gaba sosai, amma mukan karkata ta inda bado ya yi yawa, jirgin ya bi ta gefensu dab da dab, har in miƙa hannu in tsinko ɗaya ba tare da na tashi ba. Kuma idan rana ta fito ta fara dukan idona, sai in ga hancin jirgi ya ɗan juya, inuwar Baba ta faɗo a kaina. A lokacin na ɗauka haka ruwa yake tafiya da jirgi.

Kada ki ce na gano wani abu, ban gano ba. Ƙila gajiya yake yi ya huta. Ƙila ta wajen badon ruwa ya fi sauƙin bi. Ƙila ma ni nake ƙirƙira, kin san mai kewa ba ta rasa abin ƙawatawa. Amma ko ba komai wannan ya faru, jawabin kuwa bai faru ba.

Na koma wurin Ishmael na karɓi wasana. Kin san abin da ya mai da shi? Agogo a sama yana ƙirga, dorina tana bin mutum, kifi yana tsalle ana tara maki. Yana da daɗin dannawa, ban musa ba, amma yarinyar ta zama kamar buhun shinkafa da ake kaiwa kasuwa. Muka yi ta ja. Na ce ba agogo. Ya ce idan babu abin da ke tura mutum gaba, barci zai yi. A nan ya fi ni gaskiya. Sai muka tsaya a kan a-kori-kura: tana can gaɓa tana danna oda, tun kana nesa kana jinta sama-sama, kana matsowa tana ƙara ƙarfi. Ita ce take cewa yi sauri.

Magana kuwa babu ko ɗaya, rubutu ma babu. Yarinyar za ta saka hannu a ruwa. Idan ka ci gaba da dannawa, ruwan zai fisge mata hannu, ta janye ta rungume jakarta, ta kama kallon gaba har ku isa. Ba wanda zai ce maka ka yi laifi. Idan ka ɗaga yatsunka, jirgin zai sulale a hankali, ta yi ta wasa da ruwa, ta fara rera wani abu ƙasa-ƙasa. Idan ka bi ta bado, ta tsinka. Idan ka juya jirgi, inuwa ta rufe ta. Da hancin jirgi ya taɓa gaɓa sai ta sauka, ta hau mota, wasa ya ƙare.

Wata 'yar ofis ɗinmu, Bayarabiya da ba ta taɓa jin sunan Yola ba, ta gwada. Ta yi tsere ta isa, ta ga yarinyar ta sauka ba ta waiwayo ba. Ta ce a mayar mata farko.

Na turo miki sabon. Wannan karon naki ne ke kaɗai. Don Allah kada ki nuna wa Baba, ba zan iya ɗaukar wani tashin ba.

'Yarki,
Nahla

*

Legas

Gogo,

Lafiya kuwa? Na kira ba a ɗauka, na tambayi Hayatu ya ce kina nan ƙalau, ya yi wata dariya ya kashe. Idan ramuwa kike yi, na karɓa, amma ya isa haka.

Akwai abin da nake so in tambaye ki. Wasan da muke ba masu gwaji yana nuna mana inda kowa ya kai, don mu san inda yake da matsala. Kowa ya kai gaɓa, wasu da gudu wasu a hankali. Wayarki ce kaɗai ba ta taɓa kaiwa ba. Kullum bayan la'asar ana buɗewa, a bi ta bado, a zo dab da gaɓa, sai jirgin ya tsaya cak. Haka zai zauna, mota tana ta oda, har wayar ta mutu. Gobe kuma a sake daga farko.

Ishmael ya ce matsala ce, ko dai wasan yana maƙalewa a irin wayarki, ko mutum yana ajiyewa ya tafi harkarsa. Ya ce zai sa igiyar ruwa ta riƙa tura jirgin gaɓa da kanta idan an daɗe ba a danna ba, don kowa ya ga ƙarshe. Mako mai zuwa zai yi. Ni dai ki faɗa mini gaskiya irin taki: barci yake sa ki?

Nahla

*

Damilu, ƙarshen damina

Nahla, ɓingel am,

Jam. Da wayar Hilda nake turo miki wannan, dalili yana tafe. Gwiwa da sauƙi, har Yola na je jiya da ita, yanzu tana karɓar fansa.

Ki ce wa Ishmael ya cire hannunsa daga jirgin nan. Ba abin da ya maƙale.

Ban saɓa miki ba, ban nuna wa babanki ba. Shi ya zo ya same ni a baranda ina tuƙi. Na so in kife wayar, sai na ga ai girma ya wuce haka. Ya tsaya a bayana, bai zauna ba, har na kai yarinyar gaɓa. Ni kam da gudu na kai ta, kin san ni da oda, ba na son a jira ni. Sai ya ce wayata tana zafi da yawa, bari ya kai wa Hayatu ya duba. Wayar da ba abin da ya same ta! Ya zura a aljihu ya tafi. Tun rannan ina zaune kamar marainiya, ba 'ya'yan itace, ba wasiƙa. Idan na tambaya ya ce ana kan dubawa.

Jiya haƙurina ya ƙare na hau keke har gidanku. Na isa bayan la'asar. Yana gindin mangwaro a kan buzunsa, tabarau a hanci, wayata a hannu biyu kamar ya tallabi ɗan tsako. Bai ji sallamata ba. Na zauna a bakin tabarma.

Nahla, na kalli yayana yana tuƙi. Yatsun nan nasa masu kauri da noma ya busar, a kan ɗan gilashi, dama, hagu, ba gaggawa. Kafaɗarsa tana bi. Yarinyar ba ta ma kai hannu ruwa ba, ta dai fara sunkuyawa, sai na ga ya ɗaga yatsunsa. Wa ya koya masa? Ya bi ta bado ya jira ta tsinka. Rana ta fito a cikin wasan, ya juya jirgin. Iska tana kaɗa ganyen mangwaro, yarinyar tana rera abinta, ni har na manta a tsakar gida nake, na ji kamar tabarmar tana lilo.

Aka zo dab da gaɓa. Mota tana ta oda kamar za ta tsage. Ya ɗora wayar a gwiwa ya naɗe hannu. Na jira, na jira. Abin ya ishe ni na ce, "Hamma, ƙarasa mana, ga gaɓa nan, mota tana jira."

Ya firgita kaɗan, sai lokacin ya san ina wurin. Na zaci zai tashi ya nemi takalmi. Bai tashi ba, bai kuma kalle ni ba. Da Fulatanci ya faɗa, a hankali, kamar da wayar yake magana. Ya ce, "Idan na kai ta, sauka za ta yi."

Na ja mayafi na goge ido na ce hayaƙin kicin ne, alhali ba a hura wuta ba.

A hanyar dawowa na yi ta lissafi a cikin keke. Hayatu ma a jirgin nan aka riƙa tsallako da shi bayanki, gona ɗaya, mota ɗaya, direba ɗaya. Bai taɓa yin latti a ajina ba. Ke kuwa kullum. Ashe ba ke ya kamata in sa tsintar takardu ba, wani dattijo ne can a bakin ruwa.

Kada ki sa rai zai kira sunanki. Ba zai kira ba, ko jiya "addar Hayatu" ya ce da yake tambaya ko ruwan Legas ya yi sauƙi. Na karanta wasiƙarki a tsaye a gabansa, na mayar masa da wayar. Na ce ai ba a gama dubawa ba.

Gogonki

*

Legas

Gogona,

Na karanta a ofis, wannan karon ban shiga banɗaki ba, a kan teburina na yi kukana kowa yana gani. Ina lafiya. Na fi kowane lokaci lafiya.

Na fassara wa Ishmael. Ya ce wasa dole ya ƙare. Na ce ƙarshen yana nan, wanda ya so ya taɓa gaɓa ya taɓa. Ya ɗauki wayarsa ya koma kujerarsa. Can na wuce ta bayansa na ga jirginsa a tsaye, mota tana oda, shi kuma yana kallon taga. Ba za a sa igiyar ruwa ba.

Ina tafe ranar Alhamis, kafin ruwan ya janye. Ki bar masa wayar, na riƙo miki wata. Kada ki gaya masa na san komai, ni ma ba zan ce komai ba. Ki ce wa Hayatu ya duba kwale-kwalen ko yana yoyo, shi kuma ya zauna a gida. Baba kuwa ki ce masa addar Hayatu tana so ta ga gonar shinkafa da sassafe, kuma babu motar da take jiranta a gaɓa.

'Yarki,
Nahla